Yadda Ake Amfani da Kalmomin Saɓani a Turanci: But, However, Although da 'Yan'uwansu

Mai koyon Turanci yakan daɗe yana lallaɓawa da kalma ɗaya tak idan zai nuna saɓani tsakanin magana biyu, wato *but*. Daga baya sai ya ji an ce rubutu mai kyau yana buƙatar *however* da *although* da *nevertheless*, sai ya haddace su a jere kamar duk abu ɗaya suke nufi, ya riƙa cire wannan yana cusa waccan. Daga nan rubutu yake fara lalacewa. Kalmomin nan ba sa musanyuwa haka siddan. Kowace tana da irin saɓanin da take nunawa, da irin abin da ya halatta ya biyo bayanta, da alamar rubutun da take tafiya da ita.

Masana harshe Michael Halliday da Ruqaiya Hasan, a littafinsu na 1976 kan yadda jimlolin Turanci ke manne da juna, sun kasa kalmomin haɗa magana gida huɗu: na ƙari, na saɓani, na dalili, da na lokaci. Gida na biyu ne abin da ya dame mu a nan, kuma a ganina shi ne ya fi sauran wuya, domin kuskure a cikinsa ba nahawu kaɗai yake ɓatawa ba, har ma'anar yake juyawa.

Mataki na farko: raba maganar biyu, ka gano irin saɓanin da ke tsakani

Kafin ka taɓa kowace kalma, rubuta maganganun biyu daban-daban, kowace a matsayin jimla mai cin gashin kanta. Sannan ka tambayi kanka: me ya haɗa su faɗa? Amsar ba ta wuce ɗaya daga cikin huɗu.

Na farko, an zaci abu amma bai faru ba. "She studied hard. She failed the exam." Ta yi karatu sosai, ta faɗi jarrabawa. Duk wanda ya ji jimlar farko zai sa ran nasara, sai ta biyu ta rushe zaton. Wannan shi ne saɓanin da ya fi yawa a magana, kuma kalmominsa su ne *but, yet, although, though, even though, despite, in spite of, however, nevertheless, nonetheless, even so* da *still*.

Na biyu, kwatanta abu biyu da suka bambanta, ba tare da an rushe wani zato ba. "Mercury has no moons. Mars has two." Duniyar Makyuri ba ta da wata ko ɗaya, Mas tana da biyu. Babu abin mamaki a nan, an dai jera su kafaɗa da kafaɗa ne. Kalmominsa: *whereas, while, in contrast, by contrast, on the other hand, unlike*.

Na uku, ƙaryata magana tare da kawo akasinta. "The test was not difficult. It was very easy." Wannan gidan *on the contrary* ne.

Na huɗu, an bar abu an yi wani a madadinsa. "He did not take the bus. He walked." Nan kuma *instead* da *instead of* da *rather* suke aiki.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwaji. Faɗi maganar da Hausa a zuciyarka. Idan "duk da haka" ta zauna daram a tsakaninsu, kana gida na farko. Idan abin da ya fi dacewa shi ne "shi kuwa" ko "ita kuwa", gida na biyu ne. Idan bakinka ya fi karkata ga "a'a, hasali ma", na uku ne. "A maimakon haka" kuma ta nuna na huɗu. *But* da *however* suna da faɗin da za su iya shiga gida na farko da na biyu duka, shi ya sa mai koyo yake jin daɗinsu. Sauran ba su da wannan faɗin.

Wani lokaci kuma za ka raba maganganun ka tarar babu saɓani ko kaɗan. "The phone is light. It has a good camera." Waya ba ta da nauyi, kyamararta na da kyau: duka yabo ne. Saka *however* a tsakaninsu tamkar direba ne ya ba da sigina zai juya hagu sannan ya miƙe. Mai karatu zai tsaya yana neman kwanar da babu ita. *And* ko *also* ake buƙata a nan.

Mataki na biyu: duba abin da zai biyo bayan kalmar

Nan ne nahawu yake shigowa, kuma nan ne aka fi samun jan biro a takardar ɗalibi. Kalmomin sun kasu dangi-dangi gwargwadon abin da suke karɓa a bayansu. Bari mu ɗauki magana ɗaya mu bi da ita ta kowane dangi: ana ruwan sama, amma an buga wasa.

*But* da *yet* suna zama a tsakiyar ganga biyu masu daraja ɗaya, da waƙafi kafin su. Ganga ita ce guntun magana mai ɗauke da aikau da aikatau. "It was raining, but they played the match." *Yet* ta fi *but* nuna mamaki: "It was raining heavily, yet they played the match."

*Although, though, even though, whereas* da *while* suna karɓar cikakkiyar ganga, amma suna mayar da ita mai dogaro, ba ta iya tsayawa ita kaɗai. "Although it was raining, they played the match." Ana iya juya ta: "They played the match although it was raining." Idan gangar *although* ce a gaba, waƙafi dole ne bayanta. Idan tana baya, galibi ba a sa shi, sai dai *whereas* da *while* ta kwatance, waɗanda aka saba sa musu waƙafi ko a tsakiya: "Mercury has no moons, whereas Mars has two."

*Despite* da *in spite of* ba sa karɓar ganga sam. Suna suke so, ko wakilin suna, ko aikatau mai ƙarewa da *-ing*. "Despite the rain, they played the match." "In spite of feeling tired, they played the match."

*However, nevertheless, nonetheless, even so, in contrast, on the other hand, on the contrary* da *instead* ba sa ɗinke jimla biyu su zama ɗaya. Sabuwar jimla suke buɗewa, suna waiwayen wadda ta gabata. "It was raining. Nevertheless, they played the match."

Yanzu ga ramukan da ake faɗawa.

Babba a cikinsu shi ne haɗa *although* da *but* a jimla ɗaya. Dalilinsa a fili yake: a Hausa babu laifi ko kaɗan a ce "Ko da yake ana ruwa, amma sun buga wasan." Kunnenmu ma ya fi jin daɗinta da "amma" ɗin. Sai hannu ya ɗauko wannan ginin ya kai shi Turanci: "Although it was raining, but they played the match." Turanci bai yarda da wannan ba. Ɗaya za ka zaɓa, ko *although* a farko, ko *but* a tsakiya. Haka abin yake ga *despite* da *even though*: duk inda suka buɗe jimla, kada *but* ko *however* ta biyo a rabin na biyu. Shawarata ita ce, duk sanda ka rubuta *although*, ka sa yatsa a kan waƙafin da ya biyo, ka duba kalmar da ke bayansa. Idan *but* ce, soke ta.

Na biyu, "despite of". Babu shi a Turancin yau. *In spite of* kalma uku ce, *despite* ɗaya ce, ma'anarsu guda, sai ƙwaƙwalwa ta ɗebo *of* daga can ta liƙa wa wannan.

Na uku, sa ganga bayan *despite*: "Despite it was raining". Kuskure ne. Idan lallai ganga kake so ka yi amfani da ita, akwai gada, wato *the fact that*: "Despite the fact that it was raining, they played the match." Jimlar daidai take, amma ta yi nauyi. *Although* tana yin aikin da kalma ɗaya a inda wannan ta ci huɗu, saboda haka ni ita nake fifitawa.

Na huɗu ya fi ɓoyuwa. Idan ka sa aikatau mai *-ing* bayan *despite*, wanda ya yi wannan aikin dole shi ne aikau na babbar ganga. "Despite working all night, the report was not finished." A nahawun Turanci wannan jimla tana cewa rahoton ne ya kwana yana aiki. Gyaranta: "Despite working all night, she did not finish the report."

Na biyar, barin ganga mai dogaro a tsaye ita kaɗai: "They played the match. Although it was raining." A hira ana jin haka, amma a rubutun makaranta ko na ofis rabin jimla ce. Cire ayar, haɗe su.

Mataki na uku: sa wa however alamarta

*However* ta cancanci a tsaya a kanta, domin kusan kowa yana sonta kuma kusan kowa yana yi mata kuskure ɗaya. Ga shi: "Mercury is the closest planet to the Sun, however Venus is the hottest." Maganar gaskiya ce, Makyuri ta fi kusa da rana amma Zahra ta fi zafi. Alamar rubutun ce ba daidai ba. An ɗauki *however* an ba ta aikin *but*, alhali ba ta da ƙarfin riƙe jimla biyu da waƙafi kawai.

Hanyoyin gyara uku ne. Ka sa aya, ka fara da babban baƙi: "Mercury is the closest planet to the Sun. However, Venus is the hottest." Ko ka sa waƙafi mai ruwa: "Mercury is the closest planet to the Sun; however, Venus is the hottest." Ko kuma ka bar waƙafin yadda yake ka mayar da kalmar *but*.

Idan ka rikice kan ko kalma 'yar dangin *but* ce ko ta *however*, gwada matsar da ita. *However* tana yawo: "Venus, however, is the hottest." "Venus is the hottest, however." Duka daidai ne. *But* ba ta motsi daga inda take, ba za ka ce "Venus, but, is the hottest" ba. Duk kalmar da ta iya yawo haka, to aya ko waƙafi mai ruwa take buƙata tsakanin jimlolin biyu. Kuma wurin da ka ajiye ta yana da tasiri. Idan ta zo nan take bayan *Venus*, da waƙafi gaba da baya, tana haska sunan ne, kamar a ce "ita kuwa Zahra".

Akwai wata *however* ta daban mai nufin "komai": "However hard you try, you cannot please everyone." Komai ƙoƙarinka ba za ka gamsar da kowa ba. Wannan ba a sa mata waƙafi nan take a bayanta, kuma sau da yawa sifa ko bayanau ne ke biye da ita. Waƙafi ɗaya ne ya raba "However, you do it" da "However you do it": ta farko tana cewa amma dai kai kake yi, ta biyu tana cewa ko ta yaya ka yi shi.

Za ka iya gamuwa da malamin da zai ce ba a fara jimla da *however*. Wannan shawara tana da asali: William Strunk ya rubuta ta a ɗan littafinsa na salon rubutu na 1918, kuma ta yaɗu ƙwarai a Amurka. Amma shawarar salo ce, ba dokar nahawu ba, kuma a yau jaridu da littattafan ilimi cike suke da jimlolin da suka fara da ita. Haka ma batun kada a fara jimla da *but*. Manyan marubutan Turanci sun yi ɗaruruwan shekaru suna yi. Idan wanda zai duba takardarka ya hana, ka bi shi don makinka, amma ka san ba kuskure ba ne.

Mataki na huɗu: rarrabe masu kama da juna

*On the contrary* da *on the other hand* su ne suka fi rikita mutane, wataƙila don duka da *on the* suka fara. Aikinsu kuwa ya yi hannun riga.

*On the other hand* tana kawo wani ɓangaren na magana, kuma duka ɓangarorin gaskiya ne. "Working from home saves time. On the other hand, it can be lonely." Aiki daga gida yana rage ɓata lokaci, ta wani gefen kuma yana kawo kaɗaici. Ba a janye maganar farko ba, an dai ɗora mata wata a ɗaya gefen sikeli.

*On the contrary* kuwa tana cewa abin da aka faɗa ko aka zata ba haka yake ba, akasinsa ne gaskiya. Shi ya sa kusan kullum jimlar da ke gabanta tana da *not*, ko kuma wani ne ya yi magana kake mayar masa. "The new rule did not reduce accidents. On the contrary, it increased them." Ko a hira, wani ya ce maka "You must be tired," ka amsa "On the contrary, I feel fine." Saboda haka jimla irin "My brother is tall. On the contrary, my sister is short" kuskure ce, domin gajartar 'yar'uwa ba ta ƙaryata tsawon ɗan'uwa ba. *In contrast* ko *whereas* ya kamata a sa.

*Even though* da *even if* su ma ana cakuɗa su. Ta farko tana magana kan abin da ya tabbata, ta biyu kan abin da ake ƙaddarawa. "I will go even though it is raining": ruwan yana zuba yanzu, kuma zan tafi. "I will go even if it rains": ko an yi ruwa ko ba a yi ba, zan tafi. Bambancin "duk da cewa" da "ko da" ke nan. Kuma *even* ita kaɗai ba ta haɗa ganga, "Even it rains, I will go" ba Turanci ba ne.

*While* tana da fuska biyu, ta lokaci da ta saɓani. "While she was cooking, he was reading" tana iya nufin a daidai lokacin da take girki yana karatu, tana kuma iya nufin ita girki, shi kuwa karatu. Idan akwai yiwuwar a fahimce ka a baibai, koma ga *whereas*, wadda ba ruwanta da lokaci.

*Instead* tana tsayawa ita kaɗai, a farko ko a ƙarshe: "He did not take the bus. He walked instead." *Instead of* kuma tana buƙatar suna ko *-ing*: "He walked instead of taking the bus." *Unlike* suna take karɓa: "Unlike birds, bats feed their young on milk." *Conversely* ba kowane saɓani take shiga ba, sai inda aka juya magana ta koma ta ɗaya gefen: idan buƙata ta ƙaru farashi ya hau, *conversely* idan ta ragu ya sauka. Idan ba irin wannan juyi ba ne, bar ta.

Mataki na biyar: zaɓi maganar da za ta yi nasara

Wannan mataki ne ba a cika koyarwa ba, kuma a wurina ya fi duk sauran muhimmanci, domin nahawunka zai iya zama tsaf amma ka faɗi akasin abin da kake nufi.

Idan *but* ta raba magana biyu, wadda ta zo bayanta ita ce mai nauyi. Ita mai karatu yake tafiya da ita. Dubi waɗannan biyun, a ce daga takardar neman aiki aka ciro su:

"I learn quickly, but I have little experience."

"I have little experience, but I learn quickly."

Kalmomin iri ɗaya ne, ba a ƙara ba a rage ba. Amma mai ɗaukar aiki da ya karanta ta farko zai ajiye takardar yana tuna rashin gogewa. Wanda ya karanta ta biyu zai tuna mutum mai saurin koyo. Haka *however* da *yet* da *nevertheless* suke: abin da ya biyo bayansu shi ne hukunci.

*Although* da *despite* kuwa akasin haka suke yi. Abin da ke manne da su shi ake rage wa ƙarfi. Ka amince da shi, amma ka tura shi gefe. "Although I have little experience, I learn quickly." Rashin gogewa ya shiga ƙarƙashin *although*, ya zama abin da aka ambata aka wuce. Don haka idan za ka mayar da jimlar *but* zuwa ta *although*, kada ka ajiye sabuwar kalmar a gurbin tsohuwar. Ɗaya rabin za ta koma. "The plan is expensive, but it will work" tana zama "Although the plan is expensive, it will work." Duka biyun goyon bayan shirin suke. Idan ka rubuta "The plan is expensive, although it will work," ka koma kuka da tsadarsa.

Wannan yana da amfani ƙwarai a rubutun muhawara. Hujjar abokin hamayya ka ba ta *although* ko *while*, taka hujjar ka ba ta babbar ganga: "While online classes are cheaper, they cannot replace laboratory work." Ka nuna adalci, ka ambaci abin da ɗaya ɓangaren yake da shi, kuma mai karatu bai yi shakkar inda ka tsaya ba. Haka kuma idan za ka yi wa wani gyara a wurin aiki, ka sani cewa yabon da ka sa kafin *but* yakan bi iska. "Your report is clear, but it is late" magana ce kan makara. Idan yabon kake so ya zauna masa a rai, juya ta.

Mataki na shida: daidaita kalma da wurin da ake magana

*Nevertheless* da *nonetheless* da *whereas* na rubutu ne: maƙala, rahoto, wasiƙar ofis. *Notwithstanding* ta fi su nauyi, a takardun shari'a aka fi ganinta. *Albeit* tana shiga gaban sifa ko ɗan guntun bayani, ba cikakkiyar ganga ba: "The team won, albeit narrowly."

A hira kuwa Turawa sun fi amfani da *but* da *still* da *though*. Wannan ta ƙarshen tana da wata ɗabi'a da *although* ba ta da ita: tana zuwa a ƙarshen jimla. "It's a good phone. The battery is weak, though." Ba a sa *although* a wannan gurbi. Za ka kuma ji *that said* da *having said that* da *mind you* da *all the same*, duka suna sassauta abin da mai magana ya faɗa yanzun nan. Wanda ya aika wa abokinsa saƙon waya da *notwithstanding* bai karya nahawu ba, amma abokin zai yi mamaki.

Mataki na bakwai: bi rubutunka da biro

Bayan ka gama rubutu, koma ka ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar saɓani. Ga wani sakin layi irin wanda ake yawan gani:

"Although electric cars are quiet, but they are expensive. However, they do not produce exhaust fumes. On the contrary, charging takes a long time. Despite of this, many people buy them, however some drivers still prefer petrol cars."

Mu bi shi ɗaya bayan ɗaya. A jimlar farko *although* da *but* sun haɗu, ɗaya za ta fita. *On the contrary* a jimla ta uku ba ta ƙaryata komai ba, domin daɗewar caji ba akasin rashin hayaƙi ba ce. *Despite of* babu ita. *However* ta ƙarshe an rataye ta da waƙafi. Amma ko an gyara waɗannan huɗun, akwai sauran cuta: sakin layin yana ta kai gwauro yana kai mari, yabo, suka, yabo, suka, har mai karatu ya rasa inda marubucin ya dosa. Maganinsa ba canza kalmomi ba ne. A tattara yabo wuri ɗaya, suka wuri ɗaya, sai a juya sau ɗaya ko biyu:

"Electric cars are quiet and produce no exhaust fumes. However, they are expensive, and charging takes a long time. Despite these drawbacks, many people buy them."

Kalmomin saɓani sun ragu daga shida zuwa biyu, kuma yanzu ne maganar ta fito. Lura da *these drawbacks* bayan *despite*: an ba ta sunan da take buƙata, sunan kuma ya tattara illolin da aka lissafa a baya, ya ɗaure jimlar da wadda ta gabace ta.

Masu shirin jarrabawar IELTS, ta gwajin iya Turanci, su kula da wannan sosai. Ɗaya daga cikin ma'aunai huɗu da ake duba rubutu da su shi ne tsari da haɗuwar magana, kuma bayanin ma'aunin ya ambaci yawaita kalmomin haɗi fiye da kima a matsayin rauni, kamar yadda ya ambaci ƙarancinsu. Cika kowace jimla da *nevertheless* ba ya ƙara maki.

Don hannu ya saba, ɗauki gajerun jimloli biyu masu saɓani, kamar "He was ill" da "He went to work", ka rubuta su sau huɗu: da *but*, da *although*, da *despite*, da *however*. Ta *despite* ce za ta fi ba ka aiki, domin sai ka mayar da *he was ill* ta zama *his illness* ko *being ill*. Bayan haka ka juya su, ka sa rashin lafiyar ta zama ita ce mai nauyi, ka ga yadda kowace kalma take sauya wurin zama. Sannan idan kana karanta labari a jaridar Turanci ka ci karo da ɗaya daga cikin kalmomin nan, ka dakata ka duba abu uku: abin da ya biyo bayanta, alamar da ke gabanta, da rabin maganar da marubucin ya ba nasara.